Shuɗin Bayan La'asar

Ranar da mutanen Kukar Makau suka yanke cewa Inna Kulu ta mutu, ita tana bayan ɗaki tana goge kaushin ƙafarta da dutse, har da 'yar waƙarta.

Maƙwabciyarta Tahira ce ta haɗa abin. Ta zo karɓar daddawa da hantsi, ta yi sallama shiru, ta buga ƙyaure shiru, ta kira suna har muryarta ta dushe. Sai ta ɗora hannu a ka. Kafin ka ce kwabo ƙofar gida ta cika, an aika a kira liman, wata ma har ta fara kuka tana cewa daddawa ta ƙare a garin nan, alhali jiya-jiyan nan ita ce ta ce Kulu ta fara ha'inci. Aka ɓalle ƙyaure aka shiga da salati. Gawa ta leƙo daga bayan ɗaki da dutse a hannu, ta ga rabin gari a tsakar gidanta, ta ce, "Wa ya mutu?"

To, kunne ne. Shekara uku ke nan da wani zazzaɓi ya tafi mata da na dama ɗungurungum, ya bar mata ɗan kaɗan a na hagu, wanda sai ka kafa baki a kai ka kwarma ihu kamar mai kiran na hayin rafi. Amma kada ka kuskura ka ce mata kurma. A wajenta mutanen yanzu ne suka daina buɗe baki idan suna magana, saboda lalaci.

Labarin mutuwar ya riga na farfaɗowar isa Kano, don haka ɗanta Tajuddeen ya iso da jajayen idanu, ya tarar da mamaciyar tana surfen kalwa. Tajuddeen ɗan fari ne, Kulu kuwa ta tsohon zamani ce. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, Na-birni take ce masa in ta kama dole. Shi ma a gabanta kansa a ƙasa yake. Maganarsu ta bakin Tahira take bi: ya faɗa a hankali yana kallon takalminsa, Tahira ta kwarma a kunnen hagu, Kulu ta juya ta ba katanga amsa.

"YA CE KI HAƊA KAYANKI, KANO ZA KI KOMA!"

Kulu ta ce wa katanga, "A gaya wa mai maganar, gawata ce za ta je Kano, ita ma sai an ɗaure ta."

Ta san Kanon. Ta taɓa yin mako guda a gidansa, hawa na biyu, inda babu rijiya babu turmi, kuma aka ce ba a dafa kalwa saboda maƙwabta ba sa son wari. Wari! Mutanen da ba sa shan miya sai da ita. Aka girke ta a kujera gaban talabijin tana kallon bakin mutane yana motsi daga safe har yamma. A nan Kukar Makau ko ba ta ji, tana da gonar gero a bayan gida, da ɗorawarta, da kabarin mijinta Malam Zubair can bayan masallaci. Tsoron komawa kujerar nan take ji fiye da tsoron likkafani, kuma ta faɗa da bakinta.

Aka yi ta ja-in-ja har azahar. Daga ƙarshe Tajuddeen ya sassauta, don sana'arsa ke nan, haɗa sola da kyamara a gidajen manya. Ya ce zai gwada mata wani abu. Amma da sharaɗi: in aka ƙara buga ƙofa ba ta amsa ba, ko wata fitina ta taso a gidan nan, ba zai jira a yanke gero ba, zai zo da mota.

Bayan kwana biyu ya dawo da kwalaye. Ya ɗora farantin sola a kan rufi, ya ajiye batir da wani ɗan akwati mai layin waya a ƙarƙashin gadonta. Ya liƙa 'yar kyamara a saman ƙofar zaure, ya kafa madanni a gefen ƙyaure. Sannan ya rataye ƙwan fitila uku, ɗaya a ɗakinta, ɗaya a madafa, ɗaya a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida inda inuwa ta fi duhu. Fitilun farare ne, amma suna canza launi. Tahira ta isar da bayanin: in kyamara ta ga mutum ya tsaya a ƙofa, su koma shuɗi. In mutum ya danna madanni kuwa, su koma ja suna ƙiftawa.

"SHUƊI, AN ZO! JA, KE AKE NEMA MUSAMMAN!"

Kulu ta taɓe baki. "Wa zai neme ni musamman? Masu zuwa daddawa suke nema."

Tajuddeen ya ƙara da cewa kyamarar tana ɗaukar murya, kuma duk abin da ta ɗauka yana zuwa wayarsa a Kano. Tahira ta ji haka, ta dube shi, ta dubi kyamarar, sai ta cusa gefen mayafi a baki kafaɗunta suna rawa. Ta ce wannan ba sai an wahalar da Kulu da shi ba. Shi dai bai gane abin dariya ba, ya tattara kayan aikinsa ya tafi.

Jan nan, ban da ranar farko da yara suka yi ta dannawa har Kulu ta fito da tsumagiya, bai ƙara kamawa ba. Musulmi da bakinsa ya zo ƙofar gida ya tsaya latsa roba? Haba. Sallama kowa ya ci gaba da yi yadda ya gada, yana yi wa matar da ba ta ji, kyamara kuma tana yin sauran aikin. Shuɗi ya kama, Kulu ta fito. Wani ma bai rufe baki daga sallamar farko ba zai gan ta tsaye a kansa tana cewa, "Na ji ka, ba sai ka tara mini gari ba." Sau biyu na'urar ta ɗauki jakin gidan Tahira a matsayin mutum, sau ɗaya kuma mai unguwa ya tsaya har ya gaji ba ta gan shi ba. Da aka gaya wa Kulu, ta ce lallai abin nan ya san mutane.

Wuri ɗaya abin ya kwaɓe, bayan la'asar.

Ranar farko tana madafa shuɗi ya kama. Ta lallaɓa da gwiwarta mai ciwo, ta buɗe ƙyaure, sai ga Ɗan Iya tsaye baki a buɗe, hannu a sama, kamar wanda aka katse wa huɗuba. Ɗan Iya shi ne mai gonar da ke iyaka da tata, dogon dattijo siriri, matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Mutum ne da in ya yi magana biyu a majalisa sai a ce yau Ɗan Iya ya cika surutu. Shekara ashirin suka yi shi da marigayi Malam Zubair suna jayayya a kan ɗorawar da ke bakin iyaka, har mai unguwa ya yanke ta Zubair ce. Daga ɗorawar nan Kulu take samun kalwar daddawarta.

Da ya gan ta sai ya daburce. Ya dubi ƙasa, ya lanƙwasa gwiwar hannu yana kaɗawa, wai kazarsa yake nema.

Kulu ta ce, "Ban ga kazar kowa ba. In ta shigo kuma ka zo da tuwo." Ta rufe ƙyaure.

Washegari bayan la'asar shuɗi ya kama, ya daɗe. Ta fito, ba kowa. Jibi ma haka. Gata ma haka. Hanya fayau, gero yana kaɗawa hagu da dama, ko kare babu. Abin da Kulu ba ta sani ba shi ne, tafiyarta da silifas da mitar da take yi wa gwiwarta, tun daga madafa ake jin su har bakin rijiya. Wanda ba ya ji bai san yawan ƙarar da yake yi ba.

Hankalinta ya tashi sosai. In na'urar ta fara ƙarya, ai sharaɗi ya kusa karyewa, yau ta kira ka babu kowa, gobe a zo ta ƙi kira. Ba ta gaya wa Tahira ba, don Tahira ba ta riƙe magana sai in barci take. Ta hau turmi ta goge idon kyamarar da gefen zane. Ta yi mata hayaƙin habbatussauda ko iskoki ne suke wucewa. Har faɗa ta yi mata, ta ce, "Ke, in kin gaji ki faɗa, kada ki kai ni Kano." Shuɗin bayan la'asar bai fasa ba, kwana goma sha tara cur.

Rana ta ashirin ta ce yau za a yi ta ta ƙare. Tana idar da sallah ta cire silifas, ta ɗauki muciya, ta shiga zaure ta zauna a duhu, ido a tsagar ƙyauren da aka ɓalle ranar mutuwarta.

Sai ga shi. Ɗan Iya ne, da fartanya a kafaɗa. Ya waiga gabas ya waiga yamma, ya sauke fartanyar, ya fuskanci ƙyaure sosai. Bakinsa ya fara motsi. Kulu ba ta jin komai, amma ido ai bai mutu ba. Ta ga ya lanƙwasa yatsu yana ƙirga wani abu. Ta ga ya nuna sama. Ta ga ya miƙa hannu ya nuna gabas, daidai inda ɗorawa take. Daga nan ya sunkuyar da kai, ya dafa ƙirji, ya faɗi wasu 'yan kalmomi a hankali yana kusanto da bakinsa jikin ƙyaure.

To, kai ma in ka ga mutum ya fuskanci ƙofarka kullum a lokaci guda, yana motsa baki, yana nuna bishiyar da ya sha kaye a kanta, me za ka ce? Tofi ne. Sammu ne tsagwaronsa. So yake ya tashe ta daga garin ya gaje ɗorawa, shi ya sa ma Kano ke ta kiranta.

Ta bankaɗe ƙyaure. "Matsafi! Na kama ka!"

Muciya ta sauka a goshinsa kafin ya gama zare ido. Ta biyu ta samu kafaɗa. Ta uku iska ta samu, don dattijon da ke cewa bayansa ba ya barin shi ruku'u sosai ya tsallake kunya uku a tashi ɗaya ya faɗa cikin gero, ya bar fartanya da takalmi wari guda. Kulu ta bi shi da murya, "Ɗorawa dai ta fi ƙarfinka, kai da malaminka!" Ta ɗauki takalmin a matsayin shaida, ta koma ciki tana huci, ranta fari tas.

Ba sai wani ya kai tsegumi Kano ba. Tajuddeen ya ga komai a wayarsa, da hoto da murya, har ƙarar muciya. Washegari da azahar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida.

Aka zauna a ƙarƙashin darbejiya, shi a bakin tabarma yana kallon takalminsa, ita ta ba shi gefe, Tahira a tsakiya. Kulu ba ta jira an tambaye ta ba. Ta dire takalmin Ɗan Iya a ƙasa, ta zayyana wa katanga komai, ƙirgen yatsu, nuna ɗorawa, tofi a jikin ƙyaure. Ta ce in akwai wanda za a ɗauka a mota, ga shi can da ƙulu a goshi.

Tajuddeen ya ce a hankali, "Ba tofi ba ne."

"YA CE BA TOFI BA NE!"

"Yana Kano ya sani?"

Tahira ta ja numfashi. "ABIN NAN NA ƘOFA YANA DA KUNNE! DUK ABIN DA AKA FAƊA YANA JI A WAYARSA!"

Kulu ta yi salati. "Ashe munafuki aka liƙa mini a ƙofa. To madalla. Tunda yana ji, a faɗa mini abin da mutumin nan yake karantawa."

Tajuddeen ya fito da waya kamar mai fito da garwashi. Ya danna, ya ajiye a kan tabarma. Muryar Ɗan Iya ta fito, a hankali, ba gaggawa.

"Salamu alaikum. Salamu alaikum. Salamu alaikum. To, Kulu, ni ne. Yau an yi suna gidan Munir, mace aka samu, Humaira aka sa mata. Raguna biyu ya yanka, ɗayan dai sunan rago ne. Fadima ta hayi jiki ya yi tsanani, in za ki je ki je da wuri, kada ki ji daga baya. Hadarin nan ba na ruwa ba ne, kada ki kwashe shanya. Ƙuduji ya fito a gonarki wajen ɗorawa, na cire." Sai aka ji kukan kurciya. "Saura maganar nan. Da kina ji, da ban iya faɗa ba. Tunda ba kya ji, to, ina son ki. Sai gobe."

Kulu ba ta ji ko harafi ba. Abin da ta gani shi ne Tahira ta kife a kan tabarma tana dukan ƙasa, hawaye shaɓe-shaɓe, ɗanta kuma gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Don Tahira ba yau ta fara jin wannan ba. Ba ita kaɗai ba ma. Kukar Makau gida a jikin gida ne, dangar kara ce tsakani, in ka yi atishawa a gidanka daga gida na uku ake yi maka addu'a. Shekara biyu ke nan Ɗan Iya yana zuwa ƙofar nan kullum bayan la'asar, ya yi sallama uku, ya ba ƙyaure labarin gari, ya rufe da maganar nan. Matan unguwa har ajiye taɓarya suke in ya sauke fartanya, kamar lokacin wasan kwaikwayo a rediyo. Kowa ya sani, har jakin nan da na'ura ke girmamawa. Ba wanda ya gaya wa Kulu, don gaya wa Kulu magana sai da ihu, kuma wa zai tsaya tsakiyar gari ya kwarma irin wannan? Shi kansa mai maganar abin da ya hana shi ke nan.

Tahira ta matso kunnen hagu, ta buɗe baki, dariya ta ƙwace mata. Ta sake gwadawa, ta sake kifewa. Kulu ta ture ta.

"Tashi mini. Matar da ta kashe ni da rana tsaka ba ita za ta fassara mini sammu ba." Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar sunansa. Ta juyo ta dubi ɗanta ido cikin ido. "Kai ka ji, kai za ka faɗa."

Wayyo Tajuddeen. Mutum mai 'ya'ya huɗu, mai yaran aiki shida a ƙarƙashinsa, ya rarrafo ya durƙusa a kunnen uwarsa. Ya fara da mai sauƙi. Ya kwarma sunan gidan Munir. Ya kwarma hadari, ya kwarma ƙuduji. Kulu tana jin ƙudujin ta ɗan yi turus, don ta daɗe tana yaba wa kanta cewa gonarta ba ta yin ƙuduji saboda albarka. Ya kwarma rashin lafiyar Fadima.

"Fadima ba lafiya? Tun yaushe?" Muryarta ta sauka. "Haka aka yi mini da Sa'adiyya bara. Ƙawata tun muna tallan gyaɗa, sai bayan addu'ar uku na ji. Ba wanda ya tuna da ni a garin nan."

Dariyar Tahira ta tsaya cak. Ta matso, wannan karon ba wasa. "ƊAN IYA YA GAYA MIKI! KWANA HUƊU YANA ZUWA YANA CEWA KI JE! RANAR DA TA RASU SAU BIYU YA ZO! MU KUMA KOWA YA ƊAUKA WANI YA FAƊA MIKI!"

Shekara uku Kulu tana ganin gari ya yafe ta, an daina ba ta labari, an mayar da ita rumbun daddawa. Abin ya ci mata rai, ta sha kuka a madafa ta ce hayaƙi ne. Ashe kullum akwai mai kawo mata garin gaba ɗaya har ƙofa, yana zubewa a ƙasa. Ta dubi takalmin da ke gabanta, ɗinki uku a jikinsa.

"Saura," in ji ta. "Na ga ya dafa ƙirji."

Tajuddeen ya dubi Tahira, ta kau da kai. Ya dubi sama, ba taimako. Ya faɗa a hankali.

"Me?"

Ya ɗan ɗaga murya.

"Ka buɗe baki! Kai ma lalacin ne?"

Ya rufe ido. "YA CE YANA SON KI!"

Kaji suka watse. Kukar Makau ta yi tsit, irin tsit ɗin da ke nuna kowa yana jikin danga. Sai wata daga gida na uku ta saki guɗa, wata ta karɓa, direban a-kori-kura ma ya danna hon don kada a bar shi a baya.

Kulu ta ji kunya kamar ta nutse, ta ji haushi, ta kuma ji wani daɗi da ta manta kalarsa, shi ne ma ya fi ba ta haushin. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Shekara biyu yana gaya wa ƙyaure? To ƙyauren ya amince?"

Amma Tajuddeen, da kunya ta riga ta ƙare masa, bai koma bakin tabarma ba. Ya ce sharaɗi sharaɗi ne, an fasa wa bawan Allah goshi. Ya ce shi laifinsa ne, kwana ashirin yana jin maganar nan yana rasa bakin faɗa. Kuma ya gane abin da ya kafa bai isa ba. "FITILA TANA GAYA MIKI AN ZO, INNA! BA TA GAYA MIKI ABIN DA AKA ZO DA SHI! BA ZAN BAR KI BABU KUNNE A GIDAN NAN BA!" Mota za ta tashi kafin magariba, don hanyar Ɗambatta ba ta son duhu. Ya miƙe ya fara fito da akwatunanta da kansa.

Aka kira la'asar. Kulu ta yi sallah, ta dawo ƙarƙashin darbejiya ta zauna a kan ƙullin kayanta, ta kafa wa ƙwan fitila ido. Fari fat. Lokacin sauke fartanya ya yi, ya wuce. Mutumin da aka fasa wa goshi, aka kuma yi shelar sirrinsa har hayi, ina zai zo? Inuwa ta miƙe. An ɗora gado, an ɗora tukwanen daddawa da ba za a taɓa ɗora su a wuta a Kano ba.

Ta miƙe, ta ɗauki takalmin nan, ta fita ƙofar zaure. Ta ajiye shi a ƙasan madanni. Sannan ta fuskanci gonar gero, ta yi magana a muryar da ita a ganinta ta sirri ce, wadda liman ya ce ya ji ta daga cikin masallaci.

"Mai takalmi ya zo ya ɗauki abinsa. Ni ba na ji, na yarda, kurma ce. Mai magana da ni ba sai ya buɗe baki ba, ga abin dannawa nan. In ya danna na san abin da ya ce. In bai danna ba, ɗorawa na bar masa, ya ci shi kaɗai."

Ta koma ta zauna. Tahira ta zauna kusa da ita, ba dariya. Tajuddeen ya tsaya da igiya a hannu, ya ƙi taɓa wayarsa.

Shuɗi ya kama.

Kulu ba ta motsa ba. Shuɗin ya daɗe, ya daɗe, har ta fara karanta duk abin da ya zo bakinta. Sai ya ɗauke, fitila ta koma fara. Ya ɗauki takalminsa ya tafi ke nan. Ta ce, "To, shi ke nan," ta sunkuya ta kama bakin ƙullin kaya, tana jin haushin kanta da ta tsufa ba ta yi hankali ba.

Tahira ta damƙe mata hannu ta nuna sama.

Ja. Ja a darbejiya, ja a madafa, ja a ɗakin da aka kwashe, yana ƙiftawa ba tsayawa, don bawan Allah bai san ana ɗage yatsa ba. Ya danne abin da iya ƙarfinsa kamar mai toshe ɓular tulu.

Kulu ta saki ƙullin. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta goge ido da bayan hannu, ta ce hayaƙi ne, ko da yake ba a hura wuta ba ranar. Ta juya wa ɗanta gefe yadda ta saba, ta ce wa katanga, "A gaya wa Na-birni a sauke mini tukwanena. Wanda ya fasa ɗaya zai gani."

Ta lallaɓa zuwa zaure, silifas suna shelar zuwanta, wannan karon ba wanda ya gudu. Ɗan Iya yana tsaye da ƙulu a goshi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yatsa a kan madanni.

"Cire hannunka, za ka cinye mini batir," in ji ta. Ta jawo turmi ta zauna a bakin ƙofa, ta juya masa kunnen hagu. "Waccan maganar na ji ta, gari ma ya ji, ka je ka samu mai igiya a hannu can. Yanzu matso nan. Ka ɗauko daga farko, kuma ka buɗe baki. Sa'adiyya, da za ta tafi, ta tambaye ni?"

Ɗan Iya ya durƙusa, ya ja numfashi, ya kafa baki a kunnenta. Matan unguwa suka ajiye taɓarya.